Irin da Inna ta wanke

Shekarun baya can, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ina zaune a Yamai wurin yayana ina koyon aikin jinya. Shi malamin gona ne, kuma a shekarar aka ba shi fili a Saga, bakin kogi, ya gwada wani babban wake mai faɗi da Nasara ke ci. Kashi biyu zai shuka da sanyi: ɗaya da takin zamani kawai, ɗaya da taki da wani baƙin gari da ake shafa wa iri. In gwajin ya yi kyau, za a tura shi ƙaro karatu. Yaya bai da wata magana sai wannan, har na fara gudun cin abinci tare da shi.

Garin nan, in ji shi, wasu halittu ne masu rai da ido ba ya gani, su ke shiga saiwa su yi ƙullutu su ciyar da shukar. Rana na kashe su. Ƙunshi ɗaya tak aka aiko masa. Ya kwaɓa da ruwan ƙaro, ya cuɗa da irin kashi na biyu, ya rufe a inuwa, ya tafi neman motar da za ta kai shi Saga.

Mahaifiyarmu ta zo daga Dogondutsi a makon, kuma ita ba ta iya zama hannu biyu. Na dawo daga asibiti na tarar da wake baje a tabarma tsakiyar rana, fes, yana ƙyalli.

"Kin ga aikin ɗan lakwal, ɗan boko?" ta ce. "Iri ya yi fumfuna baƙi ƙirin, ya rufe shi da danshi! Sai da na canza ruwa na sake canzawa."

Yaya ya shigo, ya tsaya ya daɗe yana kallon tabarmar. Na buɗe baki, ya harare ni.

"Sannu da aiki, Inna," ya ce. "Allah ya saka."

Haka ya shuka shi. Da aka girbe, kashi biyun ba su bambanta ba, ya tuge saiwa babu ƙullutu ko ɗaya. Na roƙe shi ya faɗa wa shugabansa gaskiya, ya ce ba zai kai sunan uwarsa ofis a yi dariya ba. Karatun ya wuce shi, aka tura shi can nesa Ngigmi, bai ƙara zama kusa da Inna ba.

Har yau abin na ci mani rai, kuma na rasa wanda zan ba laifi. Inna ta rayu ta rasu ba ta sani ba. Duk lokacin da matan majami'a suka tambayi ɗanta, sai ta ce waken Nasara ne bai karɓi ƙasarmu ba.

"Ba don rashin ƙoƙari ba," takan ce. "Ni da hannuna na wanke masa irin."