Izinin Goyo

Duk shekara idan zango na uku ya kama, nakan koya wa 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare wasu ƙananan kalmomin Turanci da ake sakawa kafin aikatau: can, may, must, should da 'yan uwansu. Da su Bature yake nuna iyawa, ko neman izini, ko tilas, ko shawara. Yara ba sa son darasin, ni ma a da ba sonsa nake yi ba. Na yi shekaru ina rubuta su a allo a wata makaranta a Kafanchan, ina buga rula a tebur don masu gyangyaɗi su farka, ban taɓa zaton wata rana za su biyo ni har tsakar gida ba. Ɗalibar da ta fi ba ni wahala a kansu ba ta taɓa zama a benci ba. Mahaifiyata ce.

Mama manomiyar citta ce a wani ƙauye bayan Kagoma. Turancinta kaf bai wuce come, go, sit, eat ba, kuma ya yi daidai da halinta, don duk umarni ne. Mama ba ta san roƙo ba. In tana so ka ci abinci ba za ta tambaye ka ko kana jin yunwa ba, sai dai ka ga kwano a cinyarka. A Zumuntar Mata ta majami'armu ma haka take, in ta ce a tashi, har matar fasto sai ta tashi. Hausarta kuwa irin ta mutanenmu ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "shi" ne, ni 'yarta kuma "kai".

Tana da wani majanyi na saƙi, da can fari da baƙi ne, wanki ya mai da shi launin toka. Da shi ta goya mu duka. Da muka fara haihuwa, duk wadda ta sauka a cikinmu, ko matar ɗan uwa, sai a ga Mama a bayan mashin da jakarta. Ita za ta yi wa jariri wanka, in cibiya ta faɗi kuma ta ɗaure shi a baya da wannan majanyi ta zaga gida. Takan ce yaron da bai kwanta a bayan kakarsa ba bai san ƙanshin gidansu ba. Duk jikokinta sun bi ta nan, ban da guda ɗaya.

Yayana ya auri 'yar wani ma'aikacin jirgin ƙasa, mutanen Gabas ne amma a kwatas ɗin reluwe aka haife ta, Hausarta ta fi tamu fita. Su biyun aikin asibiti ya kai su Ingila, a can suka haifi 'yarsu. Yau takardu, gobe hutu, yarinya sai da ta shekara huɗu da wani abu kafin su kawo ta gida, a tsakiyar damina. A gidana suka sauka saboda wuta da ruwa. Mama ta riga su isowa da doya da acca da kaza, majanyin kuma yana ninke a saman jaka.

Mota na tsayawa Mama ta rangaɗa guɗa, ta yi kan yarinya kamar shaho ya ga ɗan tsako. Kafin kowa ya ce uffan ta sure ta za ta juya ta baya. Yarinya ta ƙwalla ihu, ta yi ta shure-shure har ta kuɓuce, ta ruga ta ɓuya a bayan uwarta. Mama ta bi ta tana cewa, "Come! Come!" Abin ya ƙara lalacewa. Cikin kuka yarinyar take faɗa wa uwarta da Turanci cewa matar nan ba ta tambaye ta ba.

Matar yayana ta durƙusa ta ce, "Mama, ki yi haƙuri. A can haka ake koya musu tun suna ƙanana, ba wanda zai taɓa jikinsu sai ya nemi izini."

"Izinin wa?" in ji Mama. "Wannan ɗan abu? Ni na haifi ubansa!"

Ni kam dariya ta kama ni, na shige kicin don kada ta gani. Ban san abin ya soke ta haka ba sai da na ga ta mai da majanyin cikin jaka ta ja zif.

Ta yi 'yan kwanaki tana kumbure-kumbure. In yarinya ta gifta sai ta kau da kai, amma da wutsiyar ido take bin ta. Wata safiya ina tsince wake a ƙofar kicin ta jawo kujera ta zauna kusa da ni.

"Malama," ta ce. In ta kira ni da wannan suna, to ko zolaya ce ko bukata. "Wannan Turanci da kai ke koya wa yaran mutane, akwai na tambaya a ciki?"

Na ce akwai. Na so in ce mata ba a fafe gora ranar tafiya, amma na dubi fuskarta na haɗiye maganar. Hali zanen dutse, sai ga ni na ɗauko darasi tun daga tushe kamar ina gaban aji. Ta ɗaga mini hannu ta ce ba jarrabawa za ta rubuta ba, in faɗa mata aikin kowace kalma da Hausa kawai. Na ce must ita ce ta dole. Ta washe baki ta ce, "Wannan nawa ne." Na ce should ta shawara ce, abin da ya kamata mutum ya yi. Ta ce a bar wa fasto kayansa. Can kuma ta iyawa ce, ta ce ta samari masu cika baki ce. Da na zo kan may na ce da ita ake neman izini, sai ta yi tsaki ta ce, "Na wanda ya zo aron turmi ke nan." Ta sa hannu tana taya ni tsintar wake, can ta ce, "To, ba ni shi."

Kalma huɗu ce kawai: May I carry you? Wato, kin yarda in goya ki? Amma sai da muka wuni a kanta. Harshen Mama ya saba da gajerun kalmomi masu fita kamar jifa, wannan kuwa sai an sassauta murya a ƙarshe. Ita sai ta faɗe ta kamar tana korar akuya daga shanya. Na ce, "Mama, tambaya ce, ba faɗa ba." Ta ce ai da ƙarfi ake tambaya in ana so a ji. Da yamma na leƙa bayan gida na tarar da ita tana gasa masara, tana gwada maganar a kan kazar da ta kawo. 'Ya'yana suna laɓe suna dariya, ta jefe su da totuwa.

Washegari bayan karin kumallo ta ɗaura majanyi a ƙugu, ta je ta tsaya gaban jikarta. Na ga matar da ba ta taɓa sunkuya wa kowa ba sai Ubangiji ta rage tsawo, ta dafa gwiwa, ta faɗi maganar daidai, har da sassaucin muryar. Yarinya ta ɗago ta dube ta sosai, sannan ta ce, "No, thank you," ta koma kan wasanta.

Mama ta juyo gare ni. "Ya ce me?"

"Ta ce a'a, amma ta gode."

"Ya gode da me? Kai Malama, ashe maganar nan da ka ba ni, mutum yana iya ce maka a'a?"

"Ai ita ce tambaya, Mama."

"Shi ya sa ban taɓa son shi ba."

Na ɗauka an gama ke nan. Ban san uwata ba. Kowace safiya sai ta wanke fuska, ta yi addu'a, ta ɗaura majanyi, ta je ta tambaya. Kowace safiya a ce mata a'a, an gode. Sai ta gyaɗa kai ta tafi harkarta. A hankali yarinya ta daina gudu. Ta fara zuwa ta tsuguna nesa kaɗan tana kallon Mama tana ɓarar gyaɗa, daga baya ta matso tana ɓara ita ma. Ran nan ta nuna masarar da ke kan garwashi ta tambaya ko za ta iya samu, Mama ta miƙa mata mafi girma ta ce, "You must!" Yarinya ta ƙyalƙyale da dariya, Mama ma haka. Tun daga nan ta koma kiranta Kaka.

Wata rana za mu kasuwa, muka zo tsallaka layin dogo inda ciyawa ta rufe ƙarafuna. Mama ta tambaye ni yadda ake cewa hannu da Turanci, na faɗa mata, ta haɗa maganarta da kanta. Yarinya ta miƙa mata hannu. Haka suka shiga kasuwa riƙe da juna, Mama tana tsayawa gaban kowace mai tebur don a gani. Da muka dawo na ce mata ai ta ci nasara. Ta ce, "Hannu daban, baya daban."

Lahadin ƙarshe muka tafi ƙauye yin godiya a majami'a. Ruwa ya cinye hanya, dole muka bar mota a bakin titi muka taka. Sujada ta yi tsawo kamar kullum, matan Zumunta suka kaɗa tulu suka yi rawa, aka ci tuwon acca da miyar karkashi. Kafin la'asar yarinya ta gaji lis, ta yi barci a kan tabarma a barandar Mama. Hadari ya taso daga gabas, kuma da asuba su Yaya za su kama hanyar Abuja. Dole wani ya ɗauke ta zuwa mota.

Yayana ya ce, "Mama, ga dama ta samu. Ina majanyin?"

Ni da kaina na shiga ɗaki na ɗauko shi. Matan Zumunta da ke tsakar gida suka fara tafi, wata tana cewa, "Yauwa, goya kayanka!" Mama ta karɓa, ta kakkaɓe shi, ta sunkuya kan yarinyar. Ta daɗe a haka. Ina kusa, na ji ta faɗi kalmomin nan huɗu a hankali, a hankalin da na wuni ina nema ban samu ba. Yarinya ta ci gaba da barcinta. Mama ta miƙe, ta fara ninke majanyi.

"Bai amsa ba," ta ce.

"Haba Mama," in ji Yaya, "barci take yi. Ba za ta sani ba."

"Ni zan sani. In ya farka ya ga kansa a bayana, zai ce Kaka ɓarawo ne. Ko hannun ma ba zai ƙara ba ni ba. Bari ya dawo, ya ba ni da bakinsa."

Na roƙe ta, matar yayana ta roƙe ta har da hawaye, amma wa ya taɓa juya Mama? Yaya ya saɓa 'yarsa a kafaɗa, Mama tana biye riƙe da takalmin da ya zame daga ƙafar yarinyar. Haka muka taka har mota. Haushin Mama nake ji, da na kaina, da na darasin da na koya mata.

Sun ce baɗi za su dawo. Mama ta shiga shiri, takan goya autana wanda ya girmi yarinyar, wai tana gwada ƙarfin bayanta. Baɗi ta zo ba a ba su hutu ba. Wata shekarar kuma matar yayana ta yi laulayi. Ba su sake taka ƙasar nan ba sai ranar da muka sa Mama a ƙasa, a bayan gonar cittarta.

Amma kafin nan, duk Lahadi da yamma in tana gidana, mukan kira su a waya mai hoto. Bayan gaisuwa Mama ba ta fasa yin tambayarta, yarinya kuma ba ta fasa cewa a'a, ta gode, har abin ya zama wasansu. Wata Lahadi, lokacin da ciwon ajali ya fara rage wa Mama jiki, ta yi tambayar kamar kullum. Yarinya ta matso da fuskarta har ta cika wayar, ta ce, "Yes, Kaka. You may."

Wannan karon Mama ba ta nemi fassara ba. Ta ce in ɗauko mata jaka. Ta tashi da ƙyar, ta sunkuya, ta ce in ɗora mata wayar a baya. Na ɗora, fuskar yarinya tana kallon waje. Mama ta ciro majanyi daga jakar ta ɗaure tam a ƙirji, ta fita tsakar gida. Ta zaga ta gaban kicin, ta wuce rijiya, ta bi gindin mangwaro, tana jijjiga baya tana rera waƙar da ta yi mana da yarenmu. Muryar yarinya tana fitowa daga cikin majanyi, tana dariya tana cewa ta ga kaza, ta ga sama.

Har yau in na rubuta may a allo, nakan ɗan daɗe ban juyo ga aji ba. Majanyin yana cikin akwatina, ƙanshinta ya fara barinsa, kuma ina kewarta fiye da yadda zan iya faɗa. Abin da na fi tunawa shi ne lokacin da ta dawo baranda a ranar, tana haki, ta kwance majanyi ta miƙo mini wayar da hannu biyu kamar jariri.

"Malama," ta ce, "gaya wa ubansa ya riƙa ba shi abinci. Yaron nan ba shi da nauyi ko kaɗan."