Duwatsun da Baba Ya Jera a Katanga

Shekarar da rijiyar gidanmu ta ƙafe, yayana da ke zaune a Kano ya ce zai zo ya kwashe Baba da Inna. Baba kuwa bai taɓa yin wata guda a wajen ƙauyenmu na gefen Ɗambatta ba. Ya roƙa a ba shi rani ɗaya ya haƙa sabuwa a bakin gona. In ta yi ruwa, ba inda za shi.

Yana da wata al'ada da ya gada. Duk sabon abin da bokitin mahaƙa ya fito da shi, sai ya ɗauki gutsure ya jera a kan katanga. Ni kuma ina koyar da ilmin ƙasa a sakandare, don haka kullum da la'asar yakan tsare ni da tambaya.

Na farko dutse ne mai kaushi, in ka murza sai ya zube. Na ce masa yashi ne da kogi ya tara tun zamanin da, nauyi ya danne shi har ya haɗe. Irinsa yana riƙe ruwa. Rijiyoyin wajen Zakirai da yawa a cikinsa suke. Namu a bushe ya fito. Na biyu mai santsi ne, yana ɓarewa falle-falle.

"Wannan fa?"

"Laka ce, Baba. Inda ruwa ya kwanta shiru yake ajiye ta. Ba ta barin ruwa ya ratsa."

"Rowa gare ta ke nan, kamar yayanka," in ji shi. Inna ta harare shi.

Ran nan bokiti ya fito da tsakuwa mulmulalliya, manne da juna kamar gyaɗa a cikin alewa. Baba ya aika a kira ni daga makaranta. Na tarar da shi yana dariya, har ya sa an kama zakara.

"Duba nan, Malam! Wa ke mulmula dutse in ba ruwa mai ƙarfi ba? Mun iso."

Gaskiya ya faɗa, ruwa ne. Amma ruwan ya wuce tun kafin a yi mutane, kuma a ƙasarmu tsakuwar nan sau da yawa a kan fa take zaune, wato shimfiɗaɗɗen dutse mai tauri da ba a samun ruwa a cikinsa. Na gaya masa. Ya ce boko ya lalata mini tawakkali. Na ji haushinsa, na ji haushin karatun nawa, na ci naman zakaran ba daɗi.

Ba a rufa mako ba diga ta fara ƙara tana tartsatsi. Mahaƙin ya fito ya miƙa wa Baba wani baƙin gutsure mai ƙyalli. Baba ya daɗe yana juya shi.

"Shi kuma wane ruwa ya ajiye shi?"

"Ba ruwa ba ne, Baba. Wuta ce ta yi shi."

Bai ɗora shi a katanga ba. Kafin damina motar yayana ta zo.

Yanzu yana Kano a wani ɗaki mai famfo a ƙofa, ya rame, ba ya tsokanar kowa. Tsakuwar nan tana aljihunsa tare da carbi. Zuwana na ƙarshe ya fito da ita ya ce, "Malam, ruwan da ya mulmula wannan, shi ma kwashe shi aka yi?"