Malam Inoussa Mai Sikeli da Girgizar Maroko

Duk wanda ya taɓa sayen shinkafa ko ƙusa a kasuwar Adawlato, da wuya sikelin da aka auna masa bai bi ta hannun Malam Inoussa ba. Shekara talatin da huɗu yana gyaran sikeli. Kullum da safe zai fito daga Zongo a bayan zemijan, wato babur ɗin haya, akwatin duwatsun awo a kan cinya, mai babur yana mitar nauyi, shi kuwa ko a jikinsa. Gajere ne mai taurin kai, gardama ba ta gajiyar da shi. Matan kasuwa suna shakkarsa, suna kuma nemansa, don in ya ga an liƙa ƙarfe a ƙarƙashin faranti, a gaban masu saye zai ɓamɓare shi ya ɗaga sama. Karatunsa ɗaya ne tak: kilo a Adawlato kilo ne a kasuwar Agbalépédo. Mai awo biyu kuwa ɓarawo ne a wurinsa, ko da rawani ya zo.

'Ya'yansa biyu. Bilkis tana jami'a tana karatun labarin ƙasa. Samir, babban, ya ƙi sikeli ya koyi walda, ya tafi Maroko, inda wani ɗan kwangila ya ɗauke shi aikin ƙofofi a wani ƙauye cikin duwatsu, kudu da Marrakesh. A baki Malam Inoussa bai yafe masa barin sana'ar gida ba, amma hoton da ya aiko sanye da rigar sanyi, babu mai shago a layin da ba a tilasta masa kallonsa ba.

Wata Asabar cikin Satumba na 2023, aka wayi gari rediyo yana ba da labarin girgizar ƙasa a Maroko, ƙarfinta shida da ɗigo takwas. Aka kira wayar Samir, ba ta shiga. Kafin azahar maƙwabcinsu Issifou ya shigo yana haki yana dariya: ɗansa Nasser ya kira daga Kasablanka, fitilar ɗaki ce kawai ta yi lilo, kofuna suka yi ƙara.

"Can ma shida da takwas aka ce?" in ji Malam Inoussa.

"Shi ne dai, duk ƙasar."

Malam Inoussa ya tafa hannu. "To magana ya ƙare. Girgiza ɗaya, lamba ɗaya. Abin da ya kaɗa fitilan Nasser ba zai wuce haka ba wurin Samir. Réseau na waya ne ya lalace."

Washegari ya sa aka dama koko aka raba sadakar godiya a ƙofar masallaci. Bilkis ce ta dama, ita kuwa ta riga ta ga taswirar girgizar a wayarta. Sai ranar Litinin ta iya buɗe baki.

"Baba, c'est pas pareil, ba ɗaya ba ne. Lamban rediyo girman girgizan ne daga tushenta, na'ura ke auna shi, kuma ɗaya ne ko'ina. Amma akwai awo na biyu, daga ɗaya zuwa goma sha biyu, na yadda ƙasa ta jijjiga a kowane gari. Kaman murhu ne, Baba: wuta ɗaya, na nesa ya ji ɗumi, na kusa ya ƙone. Kasablanka na nesa. Su Yaya Samir suna kan tushen."

Ransa ya ɓaci, irin ɓacin ran mai tsoro. "Awo biyu ga abu ɗaya? Abin da ake koya muku a jami'an ke nan? Tashi ki ba ni wuri."

Ya ɗauki akwatinsa ya tafi kasuwa. Ranar sikeli ɗaya ya kwance, ya kasa mayar da shi, har mai shi ta tambaye shi ko lafiya.

Ranar Laraba wani ɗan Senegal da suke aiki tare da Samir ya kira. Gidan ƙasa da dutse da suke kwana ciki ya rufta, an tono Samir, an yi masa sallah, an binne shi a can. Abin tausayi, ko gawa Malam Inoussa bai samu ya wanke ba.

Da aka tashi zaman makoki, wata la'asar ya kira Bilkis. Muryarsa ta sauka, gardamar duk ta fice.

"A ƙauyensu lamba nawa?"

"Tara, Baba."

"Taran me yake nufi?"

Ta karanta masa a hankali: mutane suna firgita, gine-gine suna gocewa daga tushensu, wasu suna rushewa. Ya saurara kansa a sunkuye.

"Wannan awon da me ake yin shi?"

"Ana duba ɓarnan gidaje. Ana kuma tambayan mutane abin da suka ji."

"Su wa ake tambaya?"

Bilkis ta ce, "Waɗanda suka tsira, Baba."

Ya daɗe yana kallon ƙasa, hawaye suna bin gemunsa, bai share ba.

"Ashe abin da yarona ya ji," ya ce, "babu wanda ya auna shi."