Asawakin da ke Riƙe Injin Kawu

Kawuna ya baro Borno da iyalinsa, ya kafa injin casar shinkafa a unguwar Yelwa da ke Mubi. Lokacin na gama koyon aikin lantarki, ina ji da kaina.

Injin yana da wata cuta. Da an kunna babban moto sai ya zuƙe wutar gidan, kontakta kuma, wato makunnin da ke ba shi wuta, ta kama kaɗa haƙora kamar mai zazzaɓi, ta saki. Maganin Kawu shi ne guntun asawaki. Sai ya cusa shi ya danne ta dole. Moton ya riga ya ƙone sau ɗaya a haka, kuma Kawu ya rantse in ya sake ƙonewa zai sayar da komai ya bar Mubi. Ni kuwa ba na son ya sake yin wata hijira.

"Wuta ne bai isa ba," in ji shi. "Babban janareta za mu nemo."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Kawu, wuta iri biyu ce a nan. Akwai mai juya moto, akwai 'yar ƙarama mai ba da umarni. Kun haɗa su kwano ɗaya, babbar tana cinye tuwon."

Ya harare ni, amma ya bar ni. Na zauna na duba abin da kowane makunni yake ja, na ware musu layinsu, na sa sitabilaiza da ƙaramar taransifoma da fis nasu na kansu a cikin wani ɗan akwati. Kawu yana wucewa yana tsokana, wai ɗan akwatin nan ko ɓera ba zai tsorata ba.

Ranar gwaji, mata daga Betso sun sauke buhunansu a ƙofa, suna jira. Na danna maɓallin kunna injin. Ƙwan lantarkin shagon ya dushe kamar kullum, hannun Kawu ya tafi aljihu da kansa, ya fito da asawakin. Kontakta ta kama da ƙara ɗaya, ta tsaya cak. Shinkafa ta fara zubowa.

Ya daɗe yana kallon icen nan. Can ya sa shi a baki, ya juya ga matan.

"Kaka mai zuwa ma ku kawo," ya ce. "Muna nan."