Galih da Kujerar Jati

Galih Pranoto ya fi shekara goma yana rubuta manhaja a wani kamfanin sufurin kaya a Semarang. Teburina yana kusa da nasa. Ba shi da yawan magana, abincin ranarsa kuma ba ya wuce shinkafa da soyayyen tempe, wato wani abincin waken suya.

Da kamfani ya kawo mana ƙirƙirarriyar basira, shi ya fara ƙwarewa a kanta. Sai ya faɗa mata abin da yake so, ta zubo masa aikin mako kafin kofin shayinsa ya huce. Manya suka yaba masa. Amma wata rana aka tambaye shi yadda wani sashe na manhajarsa yake aiki, ya buɗe ya yi ta kallo, bai gane ba.

"Sunana ne a kai, amma ban san shi ba," ya ce mini.

Daga nan ya fara hawa babur duk Asabar zuwa Jepara, wurin yayan mahaifiyarsa, Kawu Sarmin, mai sana'ar kujeru da katakon jati, wani icce mai ƙwari da tsada. Ya ce yana son koyon aikin hannu. Tsohon ya yi dariya har da tari.

"Kai, ɗan nan! Mu mun sha wuya mun sayi inji don mu huta, kai ka baro sanyin ofis ka zo neman zarto?"

"Kujera ɗaya kawai zan yi, Kawu."

"To, yi. Amma kada ka taɓa mini katako mai kyau."

Ya kwashe watanni a kanta. Ya yanke yatsa, ya ɓata ƙafafun kujera da dama. Da ya kai ta gida, matarsa Wulan ta zauna, kujerar ta karkata.

"Wannan ta baƙon da ba a so ya daɗe ce," in ji ta.

Abin da ya tsaya masa a rai ba kujerar ba ce. Ya lura injin ne ke yanka komai a shagon, cikin sauri da kyau, amma babu kujerar da ke fita sai wani ya zauna a kai ya jijjiga ta. Shi kuwa Kawu Sarmin, da ya ga abin da kwamfutar Galih ke yi, sai ya sa shi rubuta wa masu sayen kayansa na ƙasashen waje saƙonni da ita, yana ta murna.

Galih bai daina amfani da basirar ba. Sai dai ya daina miƙa layin da bai karanta ba, don haka aikinsa ya rage sauri. Da aka tashi naɗa shugaban sashe, wata abokiyar aikinmu mai hanzari aka ba, kuma ta cancanta. Ya taya ta murna, ya ci gaba da aikinsa.

Bara ya ajiye aikin, shi da Wulan suka koma Jepara da zama. Yanzu masu ƙananan shagunan kujeru yake yi wa manhajar karɓar oda. Da na kira shi kwanan baya, ƙarar inji ta hana mu jin juna sosai. Ya ce Wulan na da ciki, kuma ta riga ta gargaɗe shi cewa gadon jariri na kasuwa za a saya.