Ramin Katanga

Shekarar da kogi ya cinye unguwarmu a Haɗeja, hukumar En'e ta fitar da kuɗi daga baitulmali aka gina mana gidaje a kan tudu. Kowa ya yaba, ban da ni.

A tsohuwar unguwa katanga ɗaya ce tsakanina da maƙwabciyata, wata Babarbariya. Mun huda katangar daidai tsayin fuska. Ta nan nake miƙa mata garwashi, ta miƙo mini busasshen kifi, muna daka muna hira, ba wadda ta karya kulle.

Baturen da ya zana sababbin gidajen ya ce a bar fili tsakanin gida da gida saboda gobara. Shi dai baƙo ne. Amma maginan fa? Dukansu suna da mata a kulle, ba wanda ya buɗe baki!

Na sami ɗakin da ba ya yoyo, amma maƙwabciyata sai dai na jiyo tabaryarta daga nesa. Da ta kwanta ciwon ajali ba wanda ya gaya mini. Turminta ne ya yi shiru kwana uku.