Wa Ya Riƙe Koriyar Mota?

A unguwar Flatbush ta Amurka na girma, kuma tsarin yammacinmu na hunturu ɗaya ne. A yi magariba, a ci tuwo, sannan kakarmu Inna ta kunna murhun gas don ɗumi, tunda hitar gidan ba ta da tabbas. Ni da ƙanwata Bilki mu zauna a ƙasan kicin.

"Ga ta nan, mai ƙafa huɗu," in ji Inna.

"Ta zo mu hau," mu amsa.

Tatsuniyarta ta mota ce. Wai a Ingila akwai wani gida da ke ƙera motocin tsere da hannu. Motarsu ta fari, babbar 'yar gidan, ba ta da rufi, mai ita ruwa ke dukansa. Mai bi mata koriya ce mai dogon hanci, ita ta ci tsere har gidan ya yi suna. Ta uku ta zo da kujerun fata da tsadar da ta kori masu saye. Gidan ya karye, wani attajiri ya saya, gidan ya sake karyewa, aka sake saya. Abu ɗaya ne bai canja ba: duk wanda ya haɗa inji, sai a buga sunansa a ɗan ƙarfe a manna a jiki.

Wani Bature ya kawo koriyar Kaduna, kakanmu ya zama makanikenta shekara da shekaru. Da Baturen ya tashi, ya tafi da abarsa. Kakanmu ya rasu, kuma a can ba ma rubuta suna a kabari.

Nan Inna take tsayawa. Matan zamaninta ba sa faɗin sunan miji, ko bayan ransa.

"To angona, wa ya riƙe koriya?"

"Malam Sule," in ce.

Bilki takan haɗa da Turanci. Inna ta ce, "Ke 'yar Amurka, faɗi da bakin gidanku, ko na hana ki ƙanzo."

A lokacin na ɗauka wasa ne. Ashe hanyar da ta rage mata ke nan ta ji sunansa a ƙasar da babu wanda ya san shi.

Tsufa ya cinye mata tatsuniyar bi da bi. Ta fara sa ta uku gaban ta fari, daga baya Kaduna ta ɓace mata. Ranar da na je ganinta a asibiti ta kama hannuna ta ce, "Wa ya riƙe koriya?" Wannan karon da gaske take tambaya. Na faɗa mata. Ta ce, "Ƙara." Bayan kwanaki ta cika.

Yanzu a gareji nake aiki a Jamaica, wata unguwa kusa da Flatbush. Bara aka kawo irin motar gidan nan don gyaran birki. Na ɗaga murfin inji, ga ɗan ƙarfen nan da sunan wani Bature da ban sani ba. Na daɗe ina kallonsa.

Da yamma na tara 'ya'yana a kicin, na kunna murhu, na jero musu motocin daga ta fari. Da na zo ƙarshe na yi tambayar. Suka dubi juna. Na faɗa, na ce su maimaita, kuma ban bar kowa ya tashi ba sai da ya faɗa daidai.